Murhun jaka shida da rabi: shekara guda da murhun gashi a gidan ƙanena

Ƙanena malamin firamare ne a nan Damagaram, yana zaune gidan haya a Garin Malam da matarsa da 'ya'yansu uku. Mutum ne da ba ya barin ko dala ta fita ba a rubuta ba. Yana da wani littafi mai shuɗin bango, irin na 'yan makaranta, da yake zuba lissafin gida a ciki, tun daga kuɗin ɗan garuwa har na ashana. Mun sha yi masa tsiya a kan littafin nan, amma yau shi ne madogarata, don da ƙwaƙwalwata zan bi da tuni na cakuɗa kuɗaɗen. Ga masu karatu daga ƙetaren iyaka, jaka a bakinmu sefa 1,000 ce, dala kuwa sefa 5.

Abin da zan bi diddiginsa ƙarami ne: murhun gashi na gawayi, mafi araha cikin waɗanda muka tarar, wanda ya saya ana jibi babbar salla ta 2024, a watan Yuni. Daga ranar zuwa layyar da ta biyo baya, murhun nan ya ƙone cinyar rago, ya kasa riƙe wata 'yar sana'a, gindinsa ya huje aka yi masa faci, sannan wani dare cikin hunturu ya kusa jawo abin da ba a fata. Da ni aka je sayensa, ni na taya ciniki, saboda haka in ana rabon laifi ina da kasona.

Dalilin saye da yadda ciniki ya kaya

Shekarun baya suya kawai ake yi a gidan. Matarsa ta narka kitsen ragon a babbar tukunya, ta soye naman ƙarau, a zuba a kwano mai murfi ya kai su makonni. Hanta da ƙoda kuwa, waɗanda kowa ke ɗokin ci da hantsin salla, a kan ɗan murhun waya na shayi ake gasa su, yanka huɗu-huɗu, yara na tsaye suna haɗiyar yawu. A Yamai in ka bi titi ranar layya za ka ga raguna an banƙare su a jikin itace an kewaye wuta da su, wuni guda suna gasuwa. Wannan aikin taron gidaje ne da ice mai yawa, ya fi ƙarfin mai rago ɗaya a gidan haya. Girkin yau da kullum kuma da gas suke yi, kamar gidaje da dama a garin nan tun da matatar man fetur ta SORAZ ta fara aiki a 2011 tukunyar gas mai kilo 6 ta yawaita. Gas ya hutar da mata, amma ba ya gashi.

Akwai dalili na biyu da ban ji ba sai daga baya: matar tana da burin in salla ta wuce ta riƙa gasa kaji da yamma a ƙofar gida tana sayarwa. Da na san da wannan, ƙila da na ba da wata shawarar. Ko da yake abin da ya rage masa a aljihu bayan sayen rago bai bar wani dogon zaɓi ba.

An ce ba a fafe gora ranar tafiya, mu kuwa ranar muka fafe. Wajen Kasuwar Dole muka tarar da wani mai walda ya jera kayansa a bakin rumfa. Iri biyu suka ɗauki hankalinmu. Babban rabin ganga ne, irin gangar lita 200 da aka tsaga a tsaye, da murfi mai mariƙin katako, da wata ragar rodi a ciki inda gawayi ke zama. Ya ce jaka talatin, in an matsa ya bari a ashirin da takwas. Ƙaramin kuwa ɗan akwati ne mara murfi, tsawonsa kamu ɗaya da rabi, an lanƙwasa shi daga farantin ƙarfe mara kauri, an yi masa ƙafafu huɗu na siririn rodi, an shafe shi da baƙin fenti, an ɗora masa raga fara mai sheƙi.

"Wannan fa?" in ji ƙanena.

"Jaka tara, Malam. Amma in gaya maka gaskiya, wannan na salla ne. Wancan shi ne na sana'a."

"Ai salla muka zo yi."

"To, Allah ya sa albarka. Kar dai a bar shi da toka."

Maganar nan ta ƙarshe ba wanda ya riƙe ta a cikinmu, ni ina can ina faman karya farashi. Na sauko da shi daga tara zuwa shida da rabi, na fito ina jin na yi bajinta. Na sha tuna mutumin nan daga baya. Bai cuce mu ba. Ya faɗi iyakar kayansa da bakinsa, har da sirrin riƙe shi, mu ne kunnenmu ke kan kuɗi.

Dubawar da muka yi masa ita ce: na girgiza shi na ga ƙafafun ba sa rawa, ƙanena ya shafa fentin ya ce ya yi kyau. Shi ke nan. Ba mu kifa shi mun danna gindin da babban yatsa ba, da mun ji yana lotsawa kamar murfin gwangwani. Ba mu lura ba ko huda ɗaya babu a jikinsa. Ba mu auna tazarar da ke tsakanin raga da inda garwashi zai kwanta ba. Sheƙin ragar nan da ya burge mu kuwa, shi ne ya kamata ya sa mu tambayi daga ina ta fito.

Ranar salla

An sauko idi, an yanka, an feɗe. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya ƙanena ya juye gawayi leda biyu a murhun, ya baje shi har baki, ya cusa ledojin a tsakiya ya ƙyasta ashana, yadda ake yi a kowace fada, wato majalisar hira, in za a ɗora shayi. Leda ta narke, ta yi baƙin hayaƙi, ta mutu. Aka tsiyaya kalanzir, wuta ta tashi bal-bal, ta lashe kalanzir ɗin ta koma. Babban ɗansa ya kama fifita da murfin roba har hannunsa ya gaji. Gefen da yake fifitawa ya yi ja, ɗaya gefen baƙi ƙirin. Wani yaron maƙwabta ya ce a zuƙo fetur daga babur. Wannan kaɗai ce shawarar da muka yi hankalin ƙi a ranar.

Da wutar ta kama sosai sai wani wari ya tashi, fenti na tafasa yana ɓarewa daga jikin ƙarfen. Ragar ma ta daina sheƙi. Wani gari ya fito mata, rawaya-rawaya in tana da zafi, in an ja ta gefe ta huce ya koma fari kamar alli. Ba mu tsaya tunani ba, yara na jira, aka jera hanta. Cikin minti biyu bayanta ya yi baƙi, ka yanka ciki jini na tsatsafowa, a baki kuma kalanzir ne ke fara gaishe ka. Duk da haka aka ce ai cinya ta fi hanta jure wuta, aka ɗora ta sukutum da kitsenta. Kitse ya fara ɗiga, kowane ɗigo ya tada harshen wuta, kafin ka ce me cinya ta ɓace cikin wuta. Matarsa ta rarumo buta ta watsa ruwa. Toka ta yi sama ta sauko kan nama, murhun ya ba da wata ƙara ƙwam, gindinsa ya karkace.

Hayaƙin ne ya fito da Baba, dattijon da ke gidan da ke kallon nasu, wanda ya yi shekaru yana tsire da balangu kafin idonsa ya raunana. Ya yi sallama a bakin zaure, ya shaƙi iskar.

"Malam, gashi kuke yi ko babbaka?"

"Wallahi Baba, murhun ne ba shi da kyau."

"Sauke naman tukuna. Garwashi ke gasa nama. Ku wuta kuka ba shi."

Abin da ya yi cikin rabin awa ya isa a rubuta shi filla-filla, don kusan duk abin da gidan ya koya game da gashi a nan ya samo asali. Ya sa aka bar ragar ita kaɗai a kan wutar da ta fi ƙarfi, aka yi ta fifita har farin garin nan ya daina fitowa, aka kankare ta da soson ƙarfe, aka goge da rabin albasa da aka tsoma a man gyaɗa. Ya sa aka juye garwashin a ƙasa, ya aiki yaro ya kawo babbar ƙusa da guduma, ya sa ƙanena ya huda jikin murhun ta ƙasa-ƙasa, huda takwas a kowane dogon gefe. Sannan aka mayar da rabin garwashin kawai, aka tara shi a gefe guda, ɗaya gefen aka bar shi wayam. Ya ce a nemo duwatsu biyu masu faɗi, abin da ba ya wuyar samu a Damagaram, aka ɗora ɗaya a kowane ƙarshe, aka aza ragar a kansu. Tazararta da garwashi ta tashi daga faɗin yatsu biyu zuwa kusan shida.

Daga nan ya hana a taɓa komai sai da kowane gawayi ya lulluɓe da farar toka, babu harshen wuta ko ɗaya. Ya miƙa tafin hannunsa saman ragar yana ƙirga a bayyane. "In ka kasa kai uku, wannan ta hanta ce da siraran yanka, ka juya maza ka sauke. In ka kai shida ko bakwai, nan tsoka ke so. Can gefen da babu wuta, can mai ƙashi da mai kitse ke zama su nuna a hankali." Cinyar da ta sha wuya ya sa aka yanke baƙin bayanta, aka fiffige ta fale-fale, aka rage kitsen. Yaji kuma ya ce sai nama ya kusa sauka, don ƙuli-ƙulin da ke ciki saurin ƙonewa gare shi, in ya ƙone ɗaci yake.

Na tambaye shi me ya sa su a tukuba ba sa fama da tashin wuta. Ya yi dariya ya ce in tuna yadda tukuba take. Wuta tana tsakiya, tsinken tsire a kafe kewaye da ita, a karkace. Zafi na dukan nama ta gefe, kitse kuma in ya narke cikin toka yake ɗiga, ba ya taɓa garwashi. Murhun raga kuwa nama ne a sama wuta a ƙasa, duk abin da ya ɗiga wuta yake ciyarwa. Tara garwashi gefe guda dabara ce ta samar wa nama wurin gudu, irin wanda tukuba ke ba shi kyauta.

Hudojin kuma amfaninsu a fili yake. Gawayi ba ya ci sai da iska, kuma iskar da ta shigo ta ƙasa ta ratsa shi ta fita ta sama ita ke riƙe shi. Akwatin da ba huda, tokarsa ce ke taruwa ta shaƙe shi, shi ya sa yaron ya yi ta fifita a banza. Ɗan murhun shayi ma ai waya ce zalla, iska na shiga ta ko'ina, shi ya sa ba ya ba kowa wahala.

Ragar ce ta fi damuna da na gane mece ce. Irin wayar nan ce ta shingen kaji, wadda aka shafe da zinki, sinadarin da ake lulluɓe kwanon rufi da bokitin ƙarfe da shi don kada su yi tsatsa. Zinki na narkewa a wajen digiri 420, garwashin da ake fifitawa kuwa ya wuce nan nesa. Farin garin da muka gani shi ne zinkin da ya ƙone. Masu walda sun san hayaƙinsa, yana sa zazzaɓi da ciwon jiki in an shaƙa da yawa. Ba abin da za a ɗora abinci a kai ba ne. Ƙonawar da Baba ya sa aka yi maganin ranar ne kawai. Haka fentin jikin murhun, da ma duk gangar da ba a san me ta taɓa ɗauka ba: a ci musu wuta babu nama, a fili, tun kafin ranar buƙata.

Kaji, da abin da littafi ya nuna

Mako guda bayan salla matarsa ta fara sana'arta. Kaji huɗu take saye, ta gyara, ta tsaga su ta baya ta baje, ta shafe su da tafarnuwa da citta da masoro da gishiri, da la'asar sakaliya a fito da murhu ƙofar gida. Daɗi kam ba a magana, na ci na shaida. Amma murhun kaza biyu yake ɗauka, kuma tunda ba murfi, zafi ta ƙasa kawai yake zuwa, sauran duk iska ta kwashe. Kowace ɗorawa sai ta ci kusan awa guda. Kaza kuma ba ta karɓar gaggawa: dole ta nuna har ƙashi, digiri 74 a cikinta ga mai ma'auni, ga mara shi kuma a soki gaɓar cinya a ga ruwan ya fito garai babu ja. Masu saye bayan magariba suke zuwa a tare. Mutum uku su tsaya, biyu su gaji su wuce wurin mai tsire. In ta gasa da wuri ta ajiye, kafin a zo ta bushe.

Littafi mai shuɗin bango ya nuna yamma 31 ta yi tana wannan, gawayin da aka ƙona kuma ya kama jaka goma sha biyu da 'yan kai. Wato cikin mako biyar murhun ya ci kusan ninki biyu na kuɗinsa a gawayi. Ni da na yi ta gumi a kan jaka biyu da rabi a kasuwa, ko sau ɗaya ban yi lissafin abin da za a riƙa zuba masa ba.

Lissafin ya rabu biyu. Mako biyun farko dala ɗari-ɗari ake kashewa kowace yamma. Daga baya ya sauko dala sittin. Abin da ya kawo bambancin ba boyayye ba ne. An daina kashe wuta da ruwa. In an gama, a tsince garwashin da awartaki a zuba a babban gwangwanin madara a rufe ruf, ya mutu don rashin iska, gobe a sake hura shi. An daina kalanzir: aka samo babban gwangwanin tumatir, aka cire gindinsa, aka huda gefensa, a cusa takarda a ƙasa gawayi a sama, cikin kwata na awa ya yi ja, a ɗage gwangwanin a baje. Sannan aka bar sayen leda-leda aka koma rabin buhu.

Zaɓen gawayin ma Baba ya koya mata. A ɗauki dunƙule a ji nauyinsa a hannu. A buga biyu da juna, mai kyau ƙara yake kamar ƙarfe. A karya ɗaya: in cikin baƙi ne mai ƙyalli ya ƙonu, in kuwa da ja-ja kamar ice, hayaƙi zai yi ya ɓata nama. Mara nauyi saurin kamawa gare shi da saurin cinyewa, ga tartsatsi. Ya ce ba banza maƙera ke neman gawayin ƙirya ba, shi ke riƙe wuta. Buhu kuma a zura hannu ta gefe har ƙasa, don manyan a baki ake jera su, gari da ƙasa suna gindi. Ni dai tun da na ji cewa a ƙonawar gargajiya, ta binne ice cikin ƙasa, sai an ci kilo 5 zuwa 10 na ice kafin a sami kilo guda na gawayi, na daina ganin gwangwanin madarar nan a matsayin ƙoron ƙanena. A ƙasar da manoman Matamai da Magariya da Miriya suka shafe shekaru tun wajen 1980 suna renon gawo a gonakinsu ɗaya bayan ɗaya, watsa wa garwashi ruwa a zubar da shi abin kunya ne.

Duk da raguwar, in an cire kuɗin kaji da kayan yaji da gawayi, yamma da yawa abin da ke saura bai kai dala ɗari ba. Da hadari ya fara haɗuwa kusan kullum a farkon Agusta, ta naɗe tabarmar sana'ar.

Damina

Aka jingine murhun a bayan madafa da tokar daren ƙarshe a cikinsa. Daminar 2024 kowa ya san yadda ta kasance; ita ce wadda tsohon masallacin unguwar Birni, ginin ƙasa na tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe a farkon Satumba. A makon ne ƙanena ya je zai kauda murhun ya ji ya yi nauyi. Tokar ta sha ruwa ta daskare kamar laka. Da ya kife shi ya buga, gindin ya biyo tokar ɓawo-ɓawo, ya sa yatsa ya wuce.

Wuta ta riga ta cinye fentin, ƙarfen ya zama tsirara. Toka kuwa ruwa take sha ta riƙe, ga gishirinta, ga na naman da ya yi ta ɗiga. Mako biyar ƙarfen da bai kai milimita ɗaya ba yana kwance ƙarƙashin wannan jiƙaƙƙen bargo. Da an juye tokar an kife shi a rumfa, da ba abin da zai same shi.

Muka mayar da shi wurin mai waldar. Bai ce ai na faɗa muku ba, murmushi kawai ya yi ya ƙwanƙwasa gefen. Ya yanke ruɓaɓɓen gindin ya sa farantin milimita 2, ya yi 'yar ragar rodi a ciki don gawayi ya zauna sama toka ta zube ƙasa, ya liƙa ƙugiyoyi hawa biyu a gefe don a ɗaga ragar nama ko a sauke, duwatsu suka huta. Jaka uku. Ragar shingen kaji aka jefar, ya yi sabuwa da baƙin rodi siriri, jaka biyu. Muna shirin tafiya ya dube ni ya ce, "Alhaji, da tun farko kun ba da taran nan kun ce a sa gindi mai kauri, ai da na sa." Ban sami amsa ba.

Daren hunturu

Wannan ɓangaren ba na son tuna shi, amma shi ya fi cancanta a rubuta. Cikin Janairun 2025, sanyi ya tsananta, Inna ta zo daga ƙauye ta kwana biyu. An gasa zabi biyu da daddare a tsakar gida. Da aka gama, garwashi ya rage jajir, ba hayaƙi ko kaɗan. Inna ta ce asara ce a kashe shi yara na rawar ɗari, a shigar da shi ɗaki su ji ɗumi. Ƙanena ba ya nan, matarsa kuma ba ta iya musa wa surukarta ba, ita ma ba ta ga aibun abin ba. Aka shigar, aka rufe ƙofa, tagar ma an riga an cusa mata tsumma saboda ƙura.

Wajen sha ɗaya ya dawo ya tarar ƙaramar tana amai, babban na riƙe da kai yana kuka, Inna ta yunƙura za ta tashi jiri ya mayar da ita. Ya buga mini waya muryarsa na rawa: "Yaya, zo maza." Kafin in iso ya riga ya wangale ƙofa da taga, ya fitar da murhun, ya kwaso su tsakar gida. Muka kai su asibiti, aka sa wa ƙaramar iskar oksijin, da safe aka sallame su. Allah ya kiyaye.

Inna a hanya cewa take iska ce ta taɓa yaran. Ma'aikacin jinyar da ya karɓe mu ya ce, "Inna, iska ce kam, amma ta gawayi." Sunanta kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma garwashin da ya yi ja ya daina hayaƙi yana fitar da ita, musamman inda iska ta yi ƙaranci. In an shaƙa, tana kama jini fiye da yadda oksijin ke kama shi sau 200 da wani abu, sai jini ya yi ta zagawa babu abin da yake kai wa ƙwaƙwalwa. Tana farawa da ciwon kai, jiri, amai da kasala, mai barci kuma yana iya wucewa bai farka ba. Yara ta fi saurin kayarwa.

Ban ga laifin Inna ba. Ta girma tana ganin ana shiga da kaskon wuta ɗaki, har ɗakin mai jego. Amma wancan ɗan kasko ne a ɗakin da iska ke ratsawa ta rufin ciyawa da asabari, kuma ko a can ɗin ba a rasa masu tashi da ciwon kai. Wannan kuwa murhu ne guda, wanda muka gyara shi da kanmu ya riƙa riƙe wuta, a ɗakin siminti mai ƙofar ƙarfe. Tun daren nan dokar gidan ɗaya ce: garwashi ba ya ƙetare bakin ƙofar ɗaki, gwangwanin madara ne makwancinsa.

Inda lissafi ya tsaya

Jaka shida da rabi, da uku, da biyu, sun tashi goma sha ɗaya da rabi, bai kai rabin kuɗin babban ba. Abokan ƙanena a fada sun yi ta jefa masa araha ba ta ado, ni kuwa ban yarda a nan karin maganar ta faɗi daidai ba. Ga gidan da ke gashi ranar layya, da suna, da 'yan lokutan da aka yi baƙi, ƙaramin murhu ya wadatar, babban ma ɓarnar gawayi zai yi a kan hanta da haƙarƙari. Kuskuren shi ne an haɗa buƙata biyu a kansa, ta salla da ta sana'a, bayan mai shi ya raba su a gabanmu. Sauran wahalhalun kuma, in ka cire ragar zinki da siririn gindi, da za su same mu ko da na jaka talatin muka ɗauko: kalanzir, gaggawa, ruwa a kan wuta, toka a damina, garwashi a ɗaki.

Layyar 2025, ita ma a Yuni, ƙanena ya hura wuta tun kafin a gama fiɗa. Babban ɗansa ne ya miƙa hannu ya ƙirga, ya ce uku, aka jera hanta. Farantin farko gidan Baba aka kai. Da la'asar gidaje biyu suka aiko aro, aka ba su da sharaɗin a dawo da shi a juye. Ɗaya ya cika, ɗayan ya dawo da tokarsa har da ruwa, ƙanena ya wanke ya shanya yana ƙunƙuni, ya shafe ragar da mai ya rataye shi a ƙusa cikin rumfa.

Matarsa dai ba ta bar maganar kaji ba. Kwanan baya da na karɓi littafin don wannan rubutu, na ga an buɗe sabon shafi a can baya da rubutun hannunta, an sa masa suna "mai murfi". Jaka tara ke ciki zuwa yanzu.